Dutse ma yana motsi: Abin da tsaunukan Atlas suka koya wa Maroko, mu kuma muka kau da kai

Da ƙarfe 11:11 na daren Juma'a, 8 ga Satumban 2023, ƙasa ta girgiza a kudu maso yammacin birnin Marakesh na ƙasar Maroko. Ƙarfin girgizar ya kai maki 6.8. Kafin a gama ƙirga, mutum kusan 3,000 sun rasu, fiye da 5,000 sun jikkata, ƙauyuka da dama a lardunan Al Haouz da Taroudant sun koma tarin ƙasa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yawancinmu a waya muka ga abin. Muka ga tsofaffi suna tono da hannu, muka yi salati, muka tura wa 'yan uwa, bayan mako guda wani labarin ya danne shi.

Akwai wani ɓangare na labarin da bai zagaya ba. Kwanaki kaɗan bayan girgizar, hotunan tauraron ɗan'adam na ƙasashen Turai sun nuna cewa a wasu wurare kusa da inda abin ya faro, ƙasa ta ɗaga sama da kusan santimita 15. Wato a daren da gidaje ke ruftawa kan mutane, tsaunin kansa ƙara tsayi ya yi.

Wannan shi ne abin da nake son mu tsaya a kai. Mun saba kallon dutse a matsayin abin da aka gama, wanda yake nan tun fil azal kuma zai ci gaba da zama yadda yake. Har cewa muke yi mutum ya tsaya kamar dutse. Amma tsauni aiki ne da ake kan yi: wani ƙarfi daga ƙarƙashin ƙasa yana tura shi sama, ruwa da iska da sanyi suna yanko shi daga sama. Wanda ke zaune a gindinsa yana tsakiyar wannan kokawa ne, ko ya sani ko bai sani ba. A ganina mu a Najeriya da Nijar mun fi kowa rashin sanin haka, kuma rashin sanin yana da kuɗin da ake biya.

Ƙwaryar da aka ɗinke

Jerin tsaunukan Atlas ya miƙe tsawon kimanin kilomita 2,500, daga gaɓar Tekun Atlantika a Maroko, ya ratsa Aljeriya, ya tuƙe a Tunisiya. Ƙololuwarsa ita ce Toubkal, mai tsayin mita 4,167, babu wadda ta kai ta a duk Arewacin Afirka. Don kwatance, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne.

Waɗannan tsaunuka ba baƙi ba ne a tarihin yankinmu. Ta mashigarsu ayarin fatake ke sauka zuwa Sahara, kuma su rundunar Judar Pasha ta tsallaka bayan ta bar Marakesh a 1590, kafin ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591.

Abin mamaki shi ne, inda mafi tsayin tsaunukan yake a yau, a da can rami ne.

Kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, Afirka da Amurka da Turai a manne suke wuri ɗaya. Da suka fara rabuwa, Tekun Atlantika na buɗewa, sai ɓawon ƙasa a arewa maso yammacin Afirka ya miƙe har ya tsage. Ba irin tsagewar da muke gani a fadama da rani nake nufi ba. Wannan tsaga ce da ke nutsawa kilomita da yawa cikin dutse, kuma ɓangarorinta biyu suna iya gocewa da juna. Ƙasar da ke tsakanin tsagogin ta yi ƙasa, aka sami dogon kwari. Koguna suka zuba masa jan yashi da laka, daga baya teku ya shigo ya bar gishiri da dutsen farar ƙasa da ƙwansunan halittun ruwa. Shi ya sa har gobe ake samun burbushin halittun teku a jikin dutse a can saman Atlas, inda ko kifi bai taɓa mafarkin zuwa ba.

Sai al'amari ya juya. Nahiyar Afirka ta kama tafiya arewa tana matsar Turai. Ƙasar da a da ake ja, yanzu matse ta ake yi. Duk macen da ta taɓa ɗinke ƙwarya ta san cewa in za ta sake fashewa, tsohon ɗinkin take bi. Haka aka yi a nan. Tsofaffin tsagogin da ƙasa ta bi ta sauka, su ta sake bi ta hau. Abin da ke ƙasan kwari aka tura shi sama, shimfiɗun dutse suka lanƙwashe kamar tabarmar da aka tura ta jikin bango, wasu suka hau kan wasu. Masana sun ƙara da cewa akwai zafi mai yawa a ƙarƙashin yankin da ke taimakawa wajen tallabe tsaunukan, amma tsagogin su ne ƙashin bayan labarin.

Ba kowace tsaga ke aiki iri ɗaya ba. Inda ake jan ƙasa, ɓangare ɗaya ke faɗawa ya bar ɗayan a tsaye, kamar yadda ake gani a babban kwarin Gabashin Afirka, inda tsaunukan Rwenzori da ke iyakar Uganda da Kongo suka kai mita 5,109 ba tare da aman wuta ba. Inda ake matsa ta, ɓangare ɗaya ke hawa kan ɗaya, kamar Atlas da Himalaya. Akwai kuma wadda ɓangarorin ke gogar juna a kwance, irin wadda ta motsa a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, ta kashe fiye da mutum 50,000.

Tafiyar tana da matuƙar nawa. Afirka na matsar Turai da 'yan milimitoci ne kawai a shekara, abin da farcen yatsanka ke yi cikin wata ɗaya ko biyu. Kaɗan daga cikin wannan matsin ne ma ke faɗa wa Atlas. Amma yi lissafi: milimita ɗaya a shekara, cikin shekara miliyan ɗaya ya zama kilomita guda cur. Matsalar ita ce dutse ba ya tafiya a hankali yadda lissafin ke nunawa. Tsagar kan cije ta ƙi motsi shekaru ɗaruruwa ko dubbai, matsi na taruwa, sai rana ɗaya ta saki cikin daƙiƙu. Wannan sakin shi muke kira girgizar ƙasa.

Idan kowace girgiza na ɗaga ƙasa da santimita 15, sai an yi irinta kusan sau 28,000 kafin a tara tsayin Toubkal. Wannan ma idan babu abin da ke ragewa ke nan. Alhali kuwa akwai.

Mai gini da mai rushewa

Tun ranar da ƙasa ta fara ɗagawa zaizaya ta kama aiki. A saman Atlas, dusar ƙanƙara kan rufe ƙololuwa a lokacin sanyi. Ruwa ya shiga 'yar tsagar dutse da rana, da dare ya daskare. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya buɗa tsagar kamar an buga mata weji. A yi haka dare dubu, dutsen ya ɓalle ya gangaro.

Daga nan koguna ke karɓa. N'Fis da Ourika da Rheraya suna gangarawa arewa zuwa kogin Tensift, Draa da Ziz suna yin kudu wajen Sahara. Ruwa shi kaɗai ba ya yanka dutse sosai. Yashi da tsakuwar da yake ɗauke da su ne wuƙarsa. A kwazazzabon Todgha, kogi ya yanka dutsen farar ƙasa ya bar bango biyu masu tsayin ɗaruruwan mitoci, a wani wurin faɗin da ke tsakaninsu bai fi na titi ba. Kogin bai fi rafi ba a yawancin watanni, amma ƙasa na ɗagawa yana ci gaba da yanka.

Su biyun kuma ba aikin kowa daban suke yi ba. Dutsen da ke kan layin tsaga a niƙe yake, don haka nan ruwa ya fi samun sauƙi. Shi ya sa kwaruruka da yawa ke bin layin tsaga, hanyar mota kuma ta bi kwarin, ƙauyuka su jeru a gefen hanya da kogi. Ba da gangan ba, mutane sukan tare daidai inda ƙasa ta fi rauni, domin nan ne ruwa da ƙasar noma suke.

Akwai kuma wani abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara fahimtarsa. Zaizaya na iya sa tsauni ya ƙara ɗagawa. Ɓawon ƙasa yana kan wani sashe mai ɗan laushi ne, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Idan aka sauke kaya daga kwale-kwale, sama yake yi. Haka idan koguna suka kwashe miliyoyin tan na dutse daga kan tsauni, gindinsa kan taso a hankali ya cike wani ɓangare na abin da aka rage. Saboda haka tsauni ba ya ƙarewa da sauri yadda mutum zai zata.

Abin da aka kwaso ɗin kuma bai ɓace ba. Filin Haouz, inda Marakesh take zaune tun da Murabiɗawa suka kafa ta a ƙarni na 11, tarkacen Atlas ne da koguna suka shimfiɗa. A cikin wannan tsakuwa ruwan ƙasa ke taruwa, shi ne manoma suka daɗe suna janyowa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa da suke kira khettara, su shayar da dabino da zaitun. Jar ƙasar da aka gina ganuwar birnin da ita ma daga tsaunin take. Tsaunin da ya rushe gidajensu shi ne ya ba su gona da ruwan sha. Ba za ka ce wa mutanen nan su tashi ba.

Amma ruwan yana da nasa ranar. A 17 ga Agustan 1995, ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a can saman tsauni, cikin ɗan lokaci ambaliya ɗauke da laka da manyan duwatsu ta cika kwarin Ourika, inda mutanen Marakesh ke zuwa shan iska lokacin zafi. Mutane masu yawa sun halaka, wasu a cikin motocinsu. Bayan nan ne aka kafa na'urorin gargaɗin ambaliya a kwarin da taimakon Japan.

Me ya kashe mutane a Al Haouz?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce girgizar ƙasa. Amma a duba wannan. A 29 ga Fabrairun 1960, cikin watan azumi, girgiza mai maki 5.8 ta afka wa birnin Agadir da ke ƙarshen Atlas ta bakin teku. Ta kashe aƙalla mutum 12,000, kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen garin. A ma'aunin girgizar ƙasa, bambancin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Wato ta 1960 ba ta kama ƙafar ta 2023 ba, amma ta kashe ninki huɗu, saboda ba ta da zurfi, a ƙarƙashin birni ta faru, kuma gine-ginen ba su da wani shiri.

A 2023 ma labarin gini ne. Yawancin gidajen ƙauyukan tsaunin na laka ne da dutse, da rufin katako da ƙasa mai nauyi, irin wanda duk wanda ya tashi a gidan soro ya sani. Irin wannan gini yana da sanyi da rani, yana da ɗumi da hunturu, ga araha. Sai dai idan ƙasa ta girgiza, bangaye kan rabu a kusurwa, rufin ya faɗo gaba ɗaya. Masu aikin ceto sun yi ta bayanin cewa ginin laka idan ya rufta ba ya barin wani ɗan sarari da mutum zai yi numfashi, kamar yadda ginin kankare kan bari.

Sai kuma hanya. Girgizar ta sako duwatsun da zaizaya ta riga ta sassauta, suka toshe titin da ke bi ta mashigar Tizi n'Test. Wasu ƙauyuka sai da jirgi mai saukar ungulu ko jaki aka kai musu agaji, bayan sa'o'in da ake iya ceton rai sun wuce.

Masallacin Tinmel, wanda Muwahhidawa suka gina a ƙarni na 12, ya tsaya a wannan kwari kusan shekara 900, a daren ya rushe sosai. Ina ganin nan ne babban tarkon yake. Idan gini ya kai shekara 900 a tsaye, wa zai gaya wa mutanen ƙauyen cewa wurin yana da haɗari? Tunanin ɗan'adam bai wuce na kakanninsa uku ko huɗu ba. Agogon tsaga kuwa da dubban shekaru yake ƙirga. Maroko tana da dokar ginin da ke la'akari da girgizar ƙasa tun farkon shekarun 2000, amma dokar ta fi aiki a birane, kuma hankali ya fi karkata ga arewacin ƙasar, inda girgizar Al Hoceima ta kashe fiye da mutum 600 a 2004. Bayan abin ya faru, gwamnati ta sanar da shirin sake gini na dirhami biliyan 120 cikin shekara biyar. Ko kaso kaɗan na wannan kuɗi da an kashe shi tun farko wajen ɗaure bangaye, da lissafin gawa ya bambanta.

To mu fa?

Za a ce ai mu Allah Ya kiyaye mu, Najeriya ba ta cikin yankin girgizar ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na son tsorata kowa. Muna nesa da wuraren da manyan sassan ɓawon ƙasa ke karo, kuma motsin da aka taɓa ji a nan ƙanana ne. Duk wanda ya ce maka gobe Kano za ta zama Agadir, neman suna yake yi a Facebook.

Sai dai ƙwaryarmu ma ɗinkakkiya ce.

Kwarin Binuwai, wanda ya taso daga wajen Neja Delta ya miƙe har kusa da Tafkin Chadi, ɗan uwan wancan tsohon ramin Atlas ne. Lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage a nan ma, ta so ta buɗe teku amma abin ya tsaya. Teku ya shigo na wani zamani ya koma. Dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka da Gboko ana yin siminti, ajiyar wannan teku ce, haka ma gishirin Keana da Awe. Daga baya aka matse kwarin, shimfiɗunsa suka lanƙwashe. Mai tafiya tsakanin Gombe da Numan yana wuce shaidar wannan aiki ta tagar mota.

A yammacin ƙasar kuma akwai tsofaffin dogayen tsagogi da masana suka daɗe da zanawa, irin wadda ta bi ta Zungeru ta nufi Ifewara a jihar Osun, da wadda ta bi ta Anka. Zinaren da ake haƙa a Zamfara yana da alaƙa da su, domin ta cikin irin waɗannan tsagogi ne ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya taso a zamanin da.

Tsaunukan Filato kuwa labarinsu ya fi karkata ga zaizaya. Duwatsun Jos da Shere, mai tsayin mita 1,829, da na Riruwai a kudancin Kano, gindin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne na kimanin shekara miliyan 160 ko fiye. Samansu ya rufta ta kan tsagogi masu zagaye kamar zobe, zaizaya ta share abin da ke sama, ta bar mana ƙashin. Jerin nasu ya taso ne tun daga Abzin a jihar Agadez, inda Bagazam ya haura mita 2,000, ya bi ta Damagaram, yana ƙara ƙuruciya yayin da ake yin kudu. Kuzar da Turawa suka yi ta kwasa a Filato tun farkon ƙarni na 20, zaizaya ce ta wanke ta daga jikin dutse ta tara ta a gadon rafuka. Kogunan Kaduna da Gongola da Jama'are duk daga can suke tasowa. Dala da Goron Dutse su ma ragowar tsohuwar shimfiɗar ƙasa ce da marmara ta yi wa hula, ruwa ya cinye abin da ke kewaye ya bar su.

Kuma ƙasar kan yi tari lokaci-lokaci. A Satumban 2016 mutanen Kwoi a kudancin Kaduna sun kwana a waje. A Satumban 2018 aka ji motsi a Mpape da wasu unguwannin Abuja, har hukumomi suka dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. A Satumban 2024 Mpape ta sake motsawa. Masana ba su taru a kan dalili ɗaya ba: wasu sun fi ɗora abin kan matsin da ke taruwa a tsofaffin tsagogi, wasu sun kawo batun nakiyar masu fasa dutse da yawan zuƙe ruwan ƙasa. A maƙwabta ma, girgizar Accra ta 1939 ta kashe mutane, ta Guinea ta Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwa, duk a yankin da ake cewa ba ya girgiza.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi bayan kowane motsi. A kafa kwamiti, a yi sanarwa cewa jama'a su kwantar da hankali, a dakatar da wani abu na 'yan makonni, sai tifofi su dawo layi. Muna da Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1919. Muna da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro, jihar Bauchi. Ilimin yana nan. Amma je ka ofishin filaye na ƙaramar hukumarku ka nemi taswirar da ke nuna inda tsaga ta bi, ko gangaren da bai kamata a gina a kai ba, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Hannun da ya fi sauri a wurinmu

Idan tsaga a ƙasarmu barci take yi, zaizaya ido biyu take, kuma mu ne muke ƙara mata ƙarfi.

Mutanen Gombe ba sa buƙatar a yi musu bayani. Garin yana kwance a gangare, kan dutsen yashi mai saurin narkewa, kwazazzabai sun ratsa unguwanni suna cin gidaje damina bayan damina. Aikin da ruwa zai yi cikin shekara dubu idan akwai ciyawa da itatuwa, cikin shekara goma yake gama shi idan aka sare itacen aka yi gawayi, aka kwashe yashin rafi, aka zuba kwalta da kwano a sama ba tare da magudana ba. Ƙasar da ta taso daga nan kuma tana ƙarewa ne a cikin madatsun ruwanmu, tana rage abin da za su iya riƙewa.

An ciwo bashi domin wannan. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ban ce kuɗin ba su yi aiki ba, an gyara wurare. Amma kankare a bakin kwazazzabo magani ne na ƙarshe. Ruwan da ya haƙa ramin daga can sama ya taso, inda babu wanda ke yanka ƙyalle ya ɗauki hoto.

Abin haushin ma shi ne ilimin riƙe gangare ba daga waje za a kawo mana shi ba. A Sukur da ke tsaunukan Mandara a jihar Adamawa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, manoma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jera duwatsu suna mayar da gangare matakala, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashi ƙasa. Daidai abin da Amazigawan Atlas ke yi a nasu kwaruruka. A wurare biyun kuma barazanar iri ɗaya ce: idan matasa suka bar ƙauye, ko rashin tsaro ya kore su, ba mai gyara katangar da ta zube, damina biyu ko uku sun isa su ɓata aikin kakanni.

Wani zai ce da yunwa da rashin tsaro da tsadar rayuwa, wa ke da lokacin tunanin dutse? Na yarda ba za mu yi gini irin na Japan ba, kuma ba ma buƙata. Abubuwan da nake magana a kai masu araha ne. Linta da ta zagaye gida gaba ɗaya ta ɗaure bangaye huɗu, maimakon guntuwa a kan ƙofa da taga kawai, tana hana bango rabuwa a kusurwa, ko girgiza ce ta zo ko ƙasa ce ta zauna bayan ruwa. A ginin ƙasa ma ana iya yin irin wannan ɗauri da azara. Tazara tsakanin wurin fasa dutse da gidajen mutane ba ta buƙatar bashin Bankin Duniya, jami'in da ba za a saya ba take buƙata. Taswirar da hukumomi suka riga suka zana, fassara ta zuwa Hausa a sa ta a waya ba wani aiki ba ne.

Sai makaranta. Darasin jogirafi na zaɓi ne a babbar sakandare, yara da yawa kan kammala ba su taɓa jin yadda dutsen bayan garinsu ya samu ba. Wanda ya karanta ma, sunayen Turanci ya haddace don jarrabawa, da zanen tsaunukan Turai, ba a taɓa fita da shi bakin kwazazzabon unguwarsu an nuna masa shimfiɗun ƙasa ba. Irin wannan yaro ne gobe zai zama kansila ko mai sa hannu a takardar fili.

Game da masu cewa komai ƙaddara ce, ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma ban taɓa ganin manomin da imaninsa ya hana shi yin kunya a gangare don kada ruwa ya tafi da irinsa ba.

A garuruwan da ke faɗaɗa zuwa gindin duwatsu, irin gefen Abuja da Jos da Dutse da Gusau da Bauchi, filin da ya fi araha sau da yawa shi ne wanda ke daidai bakin inda kwari ya fito daga tsauni. Wurin yakan yi shimfiɗe, ƙasar da laushi, rijiya ba ta da zurfi, dillali zai ce maka ka yi sa'a. Kafin ka biya kafin alƙalami, zagaya filin da ƙafa. Idan ka ga manyan duwatsu masu santsi a warwatse, waɗanda ba su yi kama da ƙasar wurin ba, ruwa ne ya mirgino su daga sama, kuma girmansu yana nuna maka ƙarfin ruwan da ya taɓa bi ta nan. Nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a ƙauyen ka tambaye shi shekarar da ruwa ya fi yin ɓarna, da inda ya tsaya. Sannan ka ɗaga kai ka duba ko akwai mai fasa dutse ko mai saran itace a saman gangaren.